Hankici Ko Tishu: Tsafta Ba Ta Bukatar Almubazzaranci

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Idan hunturu ya kama a Madobi, ƙura ta haɗu da ƙaiƙayin shinkafar da ake sussukawa a Kura da Bunkure, sai mura ta zagaye gidaje. A lokacin ne muke ganin magidanci yana sayen tishu kullum, alhali kuɗin taki yana jiransa. A ganinmu, hankici ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, domin sau ɗaya ake saye, a riƙa wankewa ana shanyawa.

Wasu suna ƙyamarsa bisa zaton majina najasa ce. A mazhabar Malikiyya majina da yawu masu tsarki ne, saboda haka sallar mai hankici a aljihu ta inganta. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya nuna wa sahabbai yadda mai salla zai tofa a gefen mayafinsa ya naɗe. Aya ta 67 a Suratul Furƙan kuma ta yabi masu tsakaitawa wajen ciyarwa.

Sai dai akwai sharaɗi: kowa da nasa, kuma a wanke da sabulu kullum. Wanda tari ya tsananta masa, tishu ya fi masa, don kada ya cutar da iyalinsa. In ya gama ya jefa a kwandon shara, kada ya cusa ƙarƙashin tabarmar masallaci, ko ya watsa cikin magudanar ruwan Tiga da muke shayar da gonakinmu.

Allah Ya sa mu dace.