Iska Ba Uzuri Ba Ce Idan Ƙugiya Ta Faɗo

Da yammacin Juma'a, 11 ga Satumba 2015, wata ƙatuwar ƙugiyar gini ƙirar Liebherr ta rikito cikin Masallacin Harami a Makka. Mutum 111 suka riga mu gidan gaskiya, kusan 400 suka jikkata, kuma akwai alhazan Najeriya cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Bayanin farko da duniya ta ji shi ne an yi ruwa da iska mai ƙarfi. Haka ne, an yi. Sai dai kwamitin binciken da aka kafa ya gano cewa an bar dogon hannun injin a miƙe sama, saɓanin umarnin waɗanda suka ƙera shi, alhali ba aiki yake yi ba a lokacin. An dakatar da kamfanin Binladin, ɗan kwangilar da ke aikin ginin, daga karɓar sababbin kwangiloli, shari'a kuma ta yi ta jan ƙafa har 2023, lokacin da kotu ta ci shi tarar Riyal miliyan 20. A ganina, duk wanda ya kafa irin wannan inji ya san iska za ta zo, don haka shi ke da alhakin shirya mata.

Ƙugiya tana tsayuwa ne bisa lissafi. Kowace tana da jadawalin da ke nuna nauyin da za ta iya ɗauka a kowane nisa, domin gwargwadon yadda hannu ya miƙa nesa da gindi, gwargwadon haka ƙarfinta ke raguwa. Kayan da ta ɗaga cikin sauƙi a kusa, su za su kifar da ita idan aka kai su can ƙurya. Iska na ɓata wannan lissafi, musamman idan kayan masu faɗi ne, kamar rufin ƙarfe ko allon kankare, don tana samun inda za ta tura. Abin da ya faru ke nan a birnin Milwaukee na Amurka a Yulin 1999, inda aka dage sai an ɗaga wani ɓangaren rufin filin wasa mai nauyin sama da tan 400 ana tsaka da iska, injin ya karye, ma'aikata 3 suka mutu. Mu da muka san guguwar farkon damina, wadda ke tasowa cikin 'yan mintoci ta yaye kwanon gidaje, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba. Ga kuma ƙasar da ta sha ruwa, wadda ƙafar inji ke nutsewa a cikinta idan ba a shimfiɗa mata katakai masu kauri ba.

Wani zai ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara, amma addinin da ya koyar da ita shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure. Ƙaddara magana ce da ke sanyaya zuciyar mai takaba da marayu; ba ta dace da bakin ɗan kwangilar da ya ƙi sayen na'urar auna iska ba. Uzuri na biyu ya fi nauyi, wato kuɗi. Hayar ƙugiya na da tsada, kuma duk awar da ta yi a tsaye asara ce ga mai aiki. Amma a gwada asarar wuni ɗaya da ta ginin da ya rushe, da injin da ya lalace, da shekarun zirga-zirgar kotu, balle ran da ba ya dawowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke da ikon cewa a tsaya. Sau da yawa direban ƙugiya ya ga hadari ya haɗu, ya ji injin na rangaji, amma yana tsoron kada a sallame shi idan ya yi wa maigida gardama. Ya kamata kowace yarjejeniyar gini ta rubuta ƙarara cewa direba da mai ba shi alama daga ƙasa, wanda dole ya zama mutum ɗaya tak da aka horar, suna da ikon dakatar da ɗaga kaya ba tare da an taɓa albashinsu ba. A killace wurin da hannun injin ke shawagi don kada kaya su bi ta kan jama'a, a nisanci wayoyin lantarki, sannan sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su riƙa shiga wuraren gini ba sanarwa, su nemi takardar gwajin injin da shaidar horon mai tuƙa shi.