Tatsuniyar Yannick Noah ta ishe mu haka nan

Duk shekara, idan watan Yuni ya kama aka zo wasan ƙarshe na gasar Roland-Garros a birnin Paris, sai masu jawabi su kakkaɓe tsohon labarin nan su sake shimfiɗa mana shi: wai ga yaro a Yawunde yana buga tanis da guntun katako, ga Arthur Ashe ya zo wucewa ya gan shi, bayan shekara 12 ga yaron nan ya ɗaga kofi. Daga nan a ce Afirka cike take da baiwa, a tafa, a watse. Ni kam a ganina labarin nan ya cuci wasanninmu fiye da yadda ya amfane su, domin ya koya wa masu riƙe da ma'aikatun wasanni cewa zakara tsintarsa ake yi, kamar dami a kala.

Mu koma ga yadda abin ya faru. An haifi Noah a 1960 a garin Sedan na Faransa, inda mahaifinsa Zacharie yake buga ƙwallon ƙafa. A 1963 iyalin suka koma Kamaru. A 1971 Ashe ya gan shi yana ɗan shekara 11. To, da ya gan shi, wa ya kira? Bai nemi wani ofishi a Yawunde ba. Philippe Chatrier ya bugawa waya, mutumin da daga baya ya shugabanci hukumar tanis ta Faransa, aka ɗauke yaron aka kai shi birnin Nice. Ranar 5 ga Yuni 1983 da ya kayar da Mats Wilander, tutar Faransa aka ɗaga. Yau fiye da shekara 40 ke nan, Kamaru ba ta fitar da wani ɗan tanis da ya ko kusanci wannan matsayi ƙarƙashin tutarta ba. Haka labarin Nduka Odizor na Najeriya yake: yaro mai tsintar ƙwallo a Legas, wani malamin jami'a ɗan Amurka ya ɗauki nauyinsa zuwa Houston, ya kai zagaye na 4 a Wimbledon a 1983, ya hau matsayi na 52 a duniya a 1984. Mutum biyu, sa'a biyu. Wace ƙasa ce mai hankali take gina siyasarta a kan jiran baƙo mai kirki ya biyo ta hanya?

Abin da Noah ya tarar a Faransa shi ne tsani. Ƙasar tana da kulob na tanis fiye da 7,000, kuma masu katin hukumar sun haura miliyan ɗaya a 2023. Kowane mai kati da yake shiga gasa yana iya samun matsayi a rubuce, tun daga ɗan koyo har gwani, kuma matsayin nan a fili ake samunsa: ka ci na sama da kai ka hau, ka yi ta shan kaye ka sauka. Ba wasiƙar kawu, ba sanayya. Yaron ƙauye da ya fi tsararsa, takarda ce za ta tona shi tun kafin wani babba ya ji sunansa. Mafi yawan kuɗin hukumar kuwa daga gasar Roland-Garros yake fitowa, ya gangara zuwa jihohi da kulob-kulob. Wannan shi ne ɓangaren labarin da masu jawabi ba su so, don babu abin tafi a cikinsa, aiki ne kawai na shekara da shekaru.

Na san amsar da za a ba ni: tanis wasan masu kuɗi ne, mu kuwa talakawa ne. Rabin maganar gaskiya ce, amma an ajiye ta inda ba wurinta ba. Ƙasan tsanin ba shi da tsada. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa bai cika mita 11 ba. Jar ƙasar da ake yi wa kirari a Paris garin bulo ne da aka niƙa aka daɓe. Bango ɗaya mai santsi a farfajiyar lakkol ya isa yara goma su koyi bugu. Tun 2007 hukumar tanis ta duniya take yaɗa koyar da yara da ƙananan filaye da ƙwallaye masu taushi marasa gudu, har ta mai da shi doka ga gasar ƴan ƙasa da shekara 10 a 2012. Venus da Serena Williams a filayen gwamnati na unguwar Compton suka fara, unguwar da babu mai kiranta ta masu hali. Frances Tiafoe, ɗan iyayen da suka yi ƙaura daga Saliyo, a cibiyar tanis ta jihar Maryland inda mahaifinsa yake aikin kula da gini ya tashi, har ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Amurka a 2022. Abin da yaran nan suka samu shi ne fili a buɗe kusa da inda suke kwana. A biranenmu kuwa, mai karatu ya fi ni sanin makomar duk wani fili da yara suke wasa a kai: wata rana da safe sai a ga an kafa duwatsu, an yanka shi fuloti-fuloti.

Tsadar tana tsakiyar tsani, daga shekara 14 zuwa 20, kuma nan ne ƴaƴan Afirka suke faɗowa. Ɗan kasuwa zai fi kowa gane lissafin. A tanis matsayi da maki ake samunsa, maki kuwa sai ka je inda ake gasa, da tikitin jirginka, da kuɗin otel, da na mai horarwa. Gasa mafi ƙanƙanta ta ƙwararru, dukan kuɗin da aka raba wa ƴan wasanta a 2024 dalar Amurka 15,000 ne; wanda aka fitar a zagayen farko ko kuɗin masauki bai mayar ba. Da hukumar tanis ta duniya ta yi lissafin shekarar 2013, ta tarar sai namiji ya kai wajen matsayi na 336, mace na 253, kafin abin da suke samu ya biya abin da suke kashewa, ban da ma albashin mai horarwa. Can sama kuwa, wanda ya ci Roland-Garros a 2024 ya tafi da Yuro miliyan 2.4, wato fiye da sefa miliyar ɗaya da rabi, wanda aka kora tun zagayen farko ma ya karɓi Yuro 73,000, kusan sefa miliyan 48. Kasuwa ce mai riba, amma sai ka yi shekara biyar ko shida kana zuba jari ba ka ga ko dala ba. Yaron Yamai ko Bamako, kafin ya buga ƙwallo ɗaya, sai ya fara cin gasar layin biza.

Tunusiya ta nuna cewa ana iya rage wannan rami. Ons Jabeur, haifaffiyar 1994, mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili tana shekara 3. Kulob ɗinsu ba shi da filin kansa, a filayen otel-otel na yankin Sousse take horo. Amma da ta kai shekara 12 akwai inda za ta je cikin ƙasarta: makarantar gwamnati ta wasanni da ke El Menzah a birnin Tunis. A 2011 ta ci Roland-Garros ta matasa. Ita ma ta yi zaman horo a Beljiyam da Faransa, ta kuma samu tallafi daga asusun manyan gasanni huɗu, amma tuta ba ta canza ba. A 2022 ta zama ta 2 a duniya, ta buga wasan ƙarshe a Wimbledon da gasar Amurka, ta sake kaiwa na Wimbledon a 2023. Sa'an nan Tunusiya ta jawo makin gida: a Monastir an yi ta shirya ƙananan gasanni kusan kowane mako, otel yana samun baƙi, ɗan ƙasa yana neman maki da kuɗin mota. Ba ƙasar mai arzikin fetur ba ce, lissafi kawai ta yi.

Kada wani ya ce mana tsani baƙon abu ne a Nijar. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, kowa ya san yadda ɗan kokowa yake hawa daga dandalin ƙauye zuwa tawagar jiha har ya tsaya gaban dubban mutane. Mun iya, inda muka ga dama. A sauran wasanni kuwa sai mu koma jiran tsintuwa. Daga tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 sai da muka jira shekara 44 kafin azurfar Abdoul Razak Alfaga a Rio, shi ma a Jamus ya yi horon da ya kai shi can. Ranar dawowa dai ba a rasa manya a filin jirgi, da ganga da ambulan. Ranar da ake neman kuɗin raga da ƙwallaye ne ofis yake zama kufai.

Idan hukuma ta ce a ƙasar da ake fama da hatsi da azuzuwan zana tanis ba ya cikin sahun gaba, wannan magana ce ta dattako, zan kuma yarda da ita. To, sai a faɗe ta a fili, a daina tura tawaga taron ƙasa da ƙasa inda masu rakiya suka fi ƴan wasa yawa. Idan kuwa ana so a yi, kuɗin tafiyar jami'i guda zuwa Turai zai gina bangon horo a lakkol da dama a Maraɗi da Damagaram, a horar da malaman motsa jiki da suke can suna karɓar albashi, a buɗe rajistar da za a rubuta sakamakon kowane wasa na yara. Alhazan kasuwa da suke zuba kyauta a fagen kokowa su ma ga wuri: buhun siminti nawa ne bango ɗaya? Sai dai kafin a aza tubali, magajin gari ya fara sa hannu a takardar da ta ce filin nan ba na sayarwa ba ne.