Rijiyar Mai a Teku da Ƙuri'ar Mutanen Gaɓa

A watan Afrilun 2010 rijiyar Deepwater Horizon ta yi bindiga a Tekun Meksiko. Ma'aikata 11 suka rasa rayukansu, ɗanyen mai kuma ya yi ta kwarara har kwana 87 kafin a toshe bakin rijiyar. Masunta da masu otal-otal na gaɓar Fulorida a Amurka sun ji a jikinsu, kuma ba su manta ba.

A Janairun 2018 gwamnatin Donald Trump ta bayyana shirin buɗe kusan dukkan gaɓar ƙasar ga kamfanonin haƙar mai. Ko mako guda ba a cika ba, sai sakataren harkokin cikin gida, Ryan Zinke, ya gana da Gwamna Rick Scott, ya fito ya ce an tsame Fulorida. Scott ɗan jam'iyyar Trump ne, yana kuma hanƙoron kujerar majalisar dattawa, ya san abin da ke ran mutanensa. Da Nuwamba ta zo, kusan kashi 69 cikin ɗari na masu zaɓen jihar suka amince a rubuta haramcin haƙar mai a ruwanta cikin tsarin mulki, ko da yake, abin mamaki, an cakuɗa tambayar da batun hana zuƙar sigarin lantarki a wuraren aiki. Scott ya sha da ƙyar, da ratar ƙuri'a wajen 10,000.

A Karolina ta Kudu kuwa, Joe Cunningham na jam'iyyar Dimokurat ya ɗora yaƙin neman zaɓensa a kan wannan batu, ya ƙwace kujerar majalisar wakilai da ke hannun 'yan Rifablikan tun 1981. Trump ya fahimci saƙon. A Satumbar 2020, ana saura ƙasa da wata biyu zaɓe, ya je Fulorida da kansa ya sa hannu kan haramci har zuwa 2032.

Ba mu ɗauka ƙaunar muhalli ce kaɗai ta motsa waɗannan mutane ba. Abincinsu suke karewa. A Luwiziyana, inda mai ke ciyar da dubban gidaje, ɗan takarar da ya soki haƙa ya haƙa wa kansa rami.

Mu nan teku ta yi mana nisa, amma albashinmu yana biyowa ta asusun tarayya, wanda rijiyoyin tekun Neja Delta ke cikin masu cika shi. A Disambar 2011 ganga kimanin 40,000 ta malale a filin Bonga, mu kuwa ba mu ɗaga kai daga allo ba. Muna cin moriyar man, masuntan can suna kwasar dattinsa. Idan 'yan takarar majalisar tarayya suka zo reshenmu neman goyon baya, bayan maganar ƙarin girma da bashin albashi, ya kamata mu tambaye su wace doka za su goya wa baya kan biyan diyya da tsabtace ruwa idan wata rijiyar ta sake fashewa, mu rubuta amsarsu a wannan shafi.