Tun ran gini, ran zane

A watan Satumba na shekarar 2013, ƙasar Kazakistan ta yi bukin fara haƙo man Kashagan a cikin tekun Kaspiyan, bayan shekaru sama da goma ana zuba dukiya. Ba a cika wata biyu ba aka rufe komai, domin bututun da ke ɗauko iskar gaz daga teku zuwa tudu ya soma yoyo. Gaz ɗin na ɗauke da wata iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke ratsa ƙarfe ta tsattsaga shi a wuraren da ya yi tauri fiye da kima. Tilas aka sauya bututun gaz da na mai, kowanne wajen kilomita 90, kuma mai bai sake gudana ba sai a 2016. Shekara uku ba riba, saboda aibin da ido ba ya gani.

Mai karatu, ƙera irin wannan bututu ba aikin gaggawa ba ne. Ana ɗauko faifan ƙarfe mai kauri, injin ya lanƙwasa shi har bakinsa biyu su haɗu, a yi masa walda ciki da waje, sannan a buɗa shi daga ciki don ya daidaita. Daga baya a lulluɓe shi da roba saboda tsatsa, a ƙara masa rigar siminti don ya nutse ya zauna a ƙasan teku.

Kafin wannan sutura, sai ya ci jarrabawa. Kowane guda ana ɗura masa ruwa da ƙarfin da ya zarce wanda zai ɗauka a bakin aiki. Ana bin layin walda da na'urar sauti da hoton da ke ratsa ƙarfe, irin na likita. Ana yanko guntaye a sanyaya su a doke su, a ga ko za su lanƙwashe ko za su fashe kamar tulu. Wasu a jiƙa su kwana huɗu cikin ruwa mai waccan guba. Bututun Nord Stream, da aka shimfiɗa tsakanin Rasha da Jamus aka gama a 2012, ya ci guda wajen 200,000 masu tsawon mita 12, kowanne da lambarsa da takardar shaidarsa.

To, ina ruwan Nijar da teku? A watan Yuli na 2022, Nijar da Najeriya da Aljeriya sun sa hannu kan takardar fahimtar juna game da bututun gaz mai tsawon sama da kilomita 4,000 da zai ratsa Sahara. Manufar ita ce gaz ya isa Turai, kuma daga Aljeriya hanyarsa ta ƙarƙashin teku ce, kamar bututun Medgaz da ke kai wa Spaniya tun 2011, a zurfin da ya haura mita 2,000. Namu kason cikin rairayi zai kwanta, amma sarƙa guda ce: in ta tsinke a wuri ɗaya, kuɗin ratse da muke sa rai sun tsaya.

Ɗan kasuwa ya san araha ba ta ado. Ma'aikaci kuma ya san nauyin sa hannu kan takardar karɓar aikin da bai gani ba. Don haka muna kira ga mahukunta da abu uku. Na farko, mai binciken inganci ya zama daban da mai sayarwa da mai shimfiɗawa, kada kura ta zama mai gadin akuya. Na biyu, a tura injiniyoyinmu su tsaya cikin masana'anta tun ranar da aka fara lanƙwasa ƙarfe, ba ranar yanke ƙyalle ba. Na uku, sakamakon gwaji ya zama takardar da ɗan ƙasa ke da haƙƙin gani.

Tangarɗar da aka kama a masana'anta, asarar bututu guda ce. Wadda aka binne, ƙasa duka ke biyan ta.