Kuɗin Goro Ba Gado Ba Ne

Na taɓa rubuta kalmar "mace" a allo, na ce wa ɗalibaina kowa ya kawo abin da ya fara zo masa a zuciya. Amsoshin ba su wuce kishi da gulma da raunin hankali ba. Abin takaicin shi ne, 'yan matan ajin ma haka suka rubuta. Da na rubuta "namiji" kuwa, sai ga jarunta da hangen nesa. Babu wanda aka haifa da wannan hukunci a bakinsa. Koya musu aka yi, kuma mu manya muka koya musu.

Wannan shi ne kuɗin goro: a ɗauki halin mutum ɗaya ko biyu a yafa wa jinsi ko ƙabila baki ɗaya. Yaro na fara jin sa tun a tatsuniya, inda da wuya ka ga kishiyar uwa ta kirki. Yana girma ya ji ana cewa mata dangin Shaiɗan, ko ilimin 'ya mace a madafi yake ƙarewa. Wasu daga cikin abokan aikina na cewa ai wannan adabin baka ne, gadon kakanni, bai kamata a taɓa shi ba. Ni ban yarda ba. Aikin malamin adabi nazari ne. In ya koyar da karin magana bai tambayi wa ya ƙirƙire ta, kuma wa take cutarwa ba, to hadda ya bayar kawai.

Masu cewa zance ne kurum, su duba abin da zancen ke haifarwa. Uban da ya gaskata cewa ilimin 'yarsa a madafi zai ƙare, shi ne zai cire ta daga makaranta, sannan gobe ya yi ƙorafin babu likita mace da za ta duba matarsa. Matan kudancin ƙasar nan sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, amma na Arewa sai a 1979 suka shiga babban zaɓe. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan neman wannan 'yanci.

Maganin kuɗin goro shi ne hujja, kuma tarihinmu cike yake da ita. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke kai ilimi ga matan ƙauyuka. Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka katse wa karatu aka aurar tana ƙarama, ita ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne. Malami ya ajiye karin maganar gefe guda, ya ajiye waɗannan sunaye ɗaya gefen, ya bar ɗalibai su auna da kansu.

Mu da ke zaune a garuruwan da ba namu ba mun fi kowa sanin ɗacin abin. Mun san yadda "aboki", kalmar zumunci, ta koma ta raini a bakin wasu, har a ɗauka kowane Bahaushe maigadi ne ko mai wankin takalmi. Ranmu na ɓaci. To, da wane baki za mu koma gida mu yi wa mata irin wannan? Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani.

Ban ce a ƙone tatsuniya ko a binne karin magana ba. Cewa na yi a kawo su aji a yi musu tambayoyi, tun daga firamare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka yi shiru, yarinyar da ta rubuta "raunin hankali" a kan kanta haka za ta koya wa 'yarta, kuma alhakin yana wuyanmu.