Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Marubuta, Ku Daina Raba Biza A Littafi



Wannan makon da ku nake, kuma ba zan sassauta ba. Na gaji da labarin da jarumi zai gama digiri ranar Asabar, Litinin ya sauka Kanada, a babi na gaba ya dawo da dalleliyar mota ya auri wadda ta ƙi shi. Ku don nishaɗi kuke rubutawa, amma akwai masu hawa kan zancen su zauna.

A unguwarmu a nan Bici, wani matashi ya matsa wa mahaifiyarsa har aka raba gado, ya sayar da kasonsa na gona. Wanda ya san ƙasarmu ya san gona manne take da gona, in ka saki taka ba ka ƙara samun irinta. Kuɗin suka tafi a jarrabawar Turanci ta IELTS har sau biyu, da tantance takardun makaranta, da wani dillali da ya ce yana da hanya. Yau shekara uku sunansa na jerin masu jira, wani kuma na girbe dawa a gonar ubansa.

Ga abin da littattafanku ba sa faɗa. Tun 2015 Kanada ke zaɓar ƙwararrun ma'aikata ta tsarin Express Entry, inda ake auna mutum da maki har 1,200: shekarunsa, iliminsa, harshensa, da ƙwarewarsa a aiki. Babu tsayayyen makin da in ka kai ka ci. Jera ku ake yi da 'yan Indiya da Sin da Filifin, a kwashi na sama, na ƙasa su ci gaba da jira. Kana jiran kuma makinka na zagwanyewa: daga shekara 30 makin shekaru yake fara raguwa, a 45 ya ƙare ƙurmus. Sakamakon IELTS shekara biyu yake yi ya mutu, ka sake biya.

Ƙofar ma tsukewa take yi. A Oktoban 2024 Kanada ta rage adadin waɗanda za ta ba zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. A Maris 2025 ta soke makin da ake ba wanda ya riga ya samu tayin aiki. Tun 2023 take ware zaɓe na musamman ga masu Faransanci, wato ɗan uwanmu na Maraɗi yana da ƙofar da kai ba ka da ita. Ingila kuwa a Afrilun 2024 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da za a ba ma'aikaci biza daga fam 26,200 zuwa 38,700.

Wani zai ce, “Ai wasu sun tafi.” Ƙwarai sun tafi, Allah Ya ƙara musu buɗi. Ni ba tafiya nake hanawa ba. Kakanninmu har Gwanja suka taka neman goro. Amma falke ba ya ɗaura wa jaki kaya sai ya san farashi da halin hanya. Mu kuma muna tura yara da labarin ƙanzon kurege.

Wani kuma zai ce, “Ai ƙagaggen labari ne.” To, ƙaga mana gaskiya. Rubuta mana uwar da ta dangwala yatsa a takardar cinikin gona hannunta na rawa. Rubuta mana saurayin da ranar cikarsa shekara 30 ta zame masa ranar makoki. Rubuta mana budurwar da aka ce ta jira sai biza ta fito. Wallahi waɗannan sun fi jarumin filin jirgi nama a jika.

Kafin ka ɗora jaruminka a jirgi, zauna ka lissafa makinsa. In bai kai ba, bar shi a Bici, labarin yana nan.

Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.