Daga Kwanar Dangora Zuwa Duwatsun Riruwai: Ajin da Ɗalibai Ba Su Shiga Ba

Sanin kowa ne cewa ɗalibin sakandare da ya karanta labarin ƙasa ba zai rasa jin sunan tsaunukan Alps na ƙasashen Turai ba. Zai iya faɗin cewa ƙololuwar Mont Blanc ta haura mita 4,800, wataƙila ma ya ji labarin Hannibal wanda ya ƙetare waɗannan tsaunuka da giwaye shekara 218 kafin haihuwar Annabi Isa, ko Napoleon da ya bi mashigin Saint Bernard da rundunarsa a 1800. Amma idan aka tambaye shi inda Kogin Kano ya samo asali, ko dalilin da ya sa mutanen Doguwa suka fi mutanen birni jin sanyi, sai ya yi shiru yana kallon malami. Wannan giɓi ba laifin ɗalibi ba ne, kuma maganinsa yana nan kusa, a kan hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Doguwa zuwa Saminaka da Jos.

Abin da ake kira mashigin tsauni shi ne wuri mafi sauƙin bi tsakanin tuddai biyu, wato inda duwatsu suka ɗan rusuna har mutum ko dabba ko mota su sami ƙetarewa. Turawa sun mayar da nasu mashigan makaranta da filin wasa gaba ɗaya. Mashigin Stelvio na ƙasar Italiya, mai tsayin mita 2,757, an gina hanyarsa tsakanin 1820 da 1825, kuma a ɓangarensa na arewa kaɗai akwai kwana 48 masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Masu tseren keke na Faransa sun fara hawan mashigin Galibier tun 1911. Kafin su duka, a 1787, wani masani ɗan birnin Janeba mai suna de Saussure ya hau Mont Blanc ɗauke da ma'aunin nauyin iska da ma'aunin zafi, ya tafasa ruwa a can ƙoli don ya ga a wane mataki zai tafasa. Haƙiƙa babu mai cewa ƙasar Kano tana da irin waɗannan tsaunuka masu ƙanƙara. Sai dai dokokin kimiyyar da de Saussure ya je dubawa suna aiki a kan kowane tudu, kuma tudun da ke kudancin Kano ya isa a gan su da ido.

Birnin Kano yana kan tsayin kimanin mita 480 daga doron teku. Duwatsun Riruwai kuwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, sun haura mita 1,000, su ne wuri mafi tudu a jihar. Tazarar da ke tsakani ta kai mita 600 ko fiye. A ƙa'ida, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin salshiyos cikin kowace mita 1,000 da aka hau, saboda haka ɗalibin da ya hau ƙololuwar zai tarar da sauƙin zafi na wajen digiri 4 idan aka kwatanta da birni a lokaci guda. Haka kuma nauyin iska yana raguwa, shi ya sa matakin tafasar ruwa yake sauka da digiri 1 a kowace mita 300. Littafi ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100, amma wannan a bakin teku ne. A Kano wajen 98 da rabi ne, a kan duwatsun Riruwai kuwa bai kai 97 ba. Risho ɗaya da tukunya da ma'aunin zafi na ɗakin gwaje-gwajen makaranta sun isa a tabbatar da wannan. Ɗalibin da ya karanta wannan bambanci da idonsa a jikin ma'auni ba zai sake ɗaukar lamba 100 a matsayin abin haddacewa kawai ba.

Su kansu duwatsun suna da labari mai tsawo. Masana kimiyyar ƙasa suna lissafa Riruwai cikin jerin duwatsu masu siffar zobe da suka faro daga tsaunukan Azbin a Jamhuriyar Nijar, suka biyo ta Damagaram, suka ratsa Kano da Bauci da Jos har zuwa Afu kusa da Kogin Binuwai. Kowane zobe saura ne na tsohon dutse mai aman wuta wanda rufinsa ya rufta, narkakken dutse ya cike tsagogin da ke kewaye, sannan ruwa da iska suka share saman cikin miliyoyin shekaru har tushen ya bayyana. Na Azbin sun fi tsufa, sun haura shekara miliyan 400, kuma shekarun suna raguwa yayin da aka yi kudu. Na Riruwai kimanin shekara miliyan 170 ne. Abin lura a nan shi ne, a lokacin da waɗannan duwatsu suka daskare, tsaunukan Alps ba su ɗago ba tukuna, domin karon da nahiyar Afirka ta yi da Turai, wanda ya tattaro su sama, ya zo ne daga baya ƙwarai.

A cikin jijiyoyin wannan dutse ne kuza take. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai suke narkar da ita, suna zuba ta cikin siraran ramuka ta fito kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa. Waɗannan tsinkayen kuza ne suka ja hankalin Turawan kamfani har suka bi sawunsu zuwa ƙasar Bauci da Jos a farkon ƙarni na 20. Bayan rushewar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 manyan ayyukan haƙa suka durƙushe, aka bar ramuka da tulin ƙasa. Malamin kimiyyar sinadarai da na tarihi da na tattalin arziki duk suna da darasi a bakin rami ɗaya.

Bugu da ƙari, wannan hanya tana da siffar da ta fi sa ta kama da mashigan Turai, ita ce raba ruwa. A mashigin Gotthard na ƙasar Suwizalan, ruwan da ya gangara arewa yana bin Kogin Rhine, wanda ya gangara kudu kuma ya nufi Italiya. To haka abin yake a nan. Ruwan saman da ya sauka a ɓangaren Kano yana shiga Kogin Kano, ya ratsa Falgore, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ya haɗu da Challawa ya zama Kogin Haɗeja, daga bisani abin da ya tsira daga noman rani da zafin rana ya nufi Tafkin Chadi. Wanda ya sauka can gaba wajen Saminaka kuwa yana bin Kogin Kaduna zuwa Neja har teku. Direban da ya saba bin hanyar yana tsallake wannan iyaka kullum ba tare da ya sani ba, don babu allo, babu shinge. Manomin shinkafa a Kadawa yana rayuwa ne da ruwan da waɗannan tuddai suka tara, kuma duk bishiyar da aka sare a Falgore don gawayi tana ƙara yashin da ke cike Tiga.

Game da yadda za a yi tafiyar, mota tana da amfani wajen kai mutane nesa, amma tana ɓoye tudu, domin fasinja ba ya jin hawa sai dai ya ji ƙarar inji ta canza. Keke ba ya ɓoye komai. Yaro da kekensa masu nauyin kilo 70, idan suka hau mita 600, sun yi aikin da ya kai jul 420,000, kuma da yake jikin ɗan Adam kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na kuzarin abinci yake mayarwa aiki, sauran ya tafi a zafi da gumi, sai ya ci ninki huɗu na wannan. Nan ne zai gane dalilin da ya sa injiniyoyi suke lanƙwasa hanya a jikin dutse: tsayin da za a hau bai ragu ba, an dai shimfiɗa shi ne a kan doguwar tafiya don ƙarfin da ake buƙata a kowane taku ya ragu. A gangara kuma, idan ya taɓa bakin ƙarfen ƙafar kekensa bayan ya daɗe yana matsa birki, zai ji shi da ɗumi, ya fahimci abin da ke ƙone birkin manyan motoci, da dalilin da ya sa gogaggen direba yake sauka da babbar giya. Amma tafiyar ƙafa ce ta fi dacewa da taswira. Layukan tsayi da ke rikita ɗalibai a jarrabawar WAEC suna warwarewa cikin rabin sa'a idan yaro ya ga cewa inda layukan suka matsu a takarda, nan ne numfashinsa yake sarƙewa.

Akwai masu cewa wannan shawara ba ta dace da zamani ba, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Dajin Falgore ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sai da aka kai sojoji cikinsa. Shugaban makarantar da ya ƙi sa hannu a kan tafiya ta cikin dajin bai yi laifi ba, kuma ba wanda zai ba da shawarar a saki yara da kekuna tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Dajin a ratsa shi da mota, da rana tsaka, bayan an tuntuɓi hukumar tsaro da hakimin yankin. Idan suka ce a dakata, a dakata. Hawan keke da na ƙafa a yi su kusa da gari, tare da ɗan jagora daga mutanen wurin, a kuma nisanci tsofaffin ramukan kuza, musamman masu ruwa. Ita kuwa maganar kuɗi, makarantun da suke iya ɗaukar hayar mota zuwa gidan namun daji a birni ba za su kasa wannan ba.

Wani abin da ake mantawa shi ne makarantun Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji su ne ya kamata su fara, domin wasunsu duwatsun suna bayan azuzuwansu. Sassan labarin ƙasa na Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya ta Wudil, da sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, suna iya ba su aron taswira da ma'aunai, su tura ɗaliban ajin ƙarshe su yi rakiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, duwatsu suka daina santsi, hazon hunturu kuma bai rufe sararin ba. Kowace makaranta ta rubuta zafin da ta auna a gindin dutse da ƙolinsa, da sa'ar da aka auna, ta ajiye wa ajin baɗi don su kwatanta da nasu.